Yadda ake tantance tsofaffin sulalla da lambobin yabo na gado, a san kimarsu

Idan aka buɗe adakar dattijo bayan rasuwa a Tawa, ko Illela, ko Madawa, ba wuya a tarar da gwangwanin madara ko ƙullin tsumma cike da tsofaffin sulalla. Mutanen Adar matafiya ne. Wani ya yi ci-rani a Abijan ko Kumasi, wani ya yi fatauci ta Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato, wani ya je Makka ta ƙasa, wani kuma an ɗauke shi soja zamanin Faransa ya dawo da lambobin yabo a ƙirji. Duk ƙarfen da suka dawo da shi cikin gwangwanin nan yake taruwa. Magada kuma sukan kasu biyu: masu ganin an dace da miliyoyi, da masu cewa tarkace ne a ba yara su yi wasa. A yawancin gwangwanaye, mafi yawan ƙwayoyin ba su da wani kuɗi, kaɗan azurfa ne na gaske, jefi-jefi a ci karo da zinariya. Aikinka shi ne ka ware su ba tare da ka ɓata ko ɗaya ba, don haka kada a wanke, kada a raba, kada a sayar, sai an auna an rubuta.

Kayan aiki

Sikelin lantarki ƙarami, wanda wasu ke kira balas, mai nuna har 0.01 na giram. Na kicin ba ya yi, domin bambancin azurfa da jabu yakan tsaya a giram ɗaya ko biyu. Kafin ka yarda da shi, ɗora ƙaramin kofi, mai da shi sifili, ka zuba ruwa mililita 10 da sirinji: ya kamata ya nuna giram 10. Idan ba ka da sikeli, je wurin maƙerin azurfa ko mai sayar da zinariya, ka ba shi ɗan abin goro ya auna maka, kai kuma ka karanta lambar da idonka.

Ma'aunin faɗi irin na makanikai, piye a kulis. Na roba ya fi, na ƙarfe yana karce gefen kuɗi. In babu, ɗora ƙwayar a kan takarda, zagaye ta da fensir mai tsini, ka auna zanen da rula.

Gilashin ƙara girma mai ninki 10, ko kyamarar waya a hasken rana. Mayen ƙarfe, ko da na bayan lasifikar tsohuwar rediyo ne. Tawul mai laushi da za a shimfiɗa. Ƙananan ambulan na takarda, ko ka naɗe su da kanka daga farar takarda. Littafin rubutu da fensir. Kofi, zare siriri, sabulu mara turare, tsinken sakace, da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota (ka tabbata ba mai asid ba ne).

Sai mutum biyu daga cikin magada su zauna tare da kai tun daga buɗe gwangwani. Kayan gado ne, kuma zargi ba ya wuyar shiga.

1. Ɗauki hoto, ƙirga, rubuta

Kafin ka juye komai, ɗauki hoton kayan yadda aka same su. Abin da ke ƙulle tare, bar shi tare: lambar yabo da takardar da aka naɗe ta, sulallan da ke cikin ƙulli guda, sarƙar da aka jera wa azurfa. Juye sauran a kan tawul a hankali. Kama kowace ƙwaya ta gefe da yatsa biyu, da busasshen hannu, don gumi yana barin zanen yatsa da ba ya fita.

Ba kowace ƙwaya lamba, ka rubuta lambar a jikin ambulan, ba a jikin kuɗin ba. A littafi ka ja layuka: lamba, ƙasa, abin da aka rubuta, shekara, nauyi, faɗi, ko maye ya kama, lahani. Shaidun su sa hannu a kan jimillar. Idan akwai tsohuwa a gidan da ta san inda marigayin ya samo wani abu, rubuta abin da ta faɗa a ranar.

2. Kada ka goge

A nan aka fi yin asara. Lemun tsami, tsamiya, toka, yashi, man goge haƙori, sosan ƙarfe: duk suna sa kuɗi ƙyalli, kuma duk suna cinye fatar ƙarfen. Baƙi-baƙin da ke jikin tsohuwar azurfa shaidar shekaru ce, masu tara sulalla suna son ganinta. Ƙwayar da aka goge, da zarar an sa ta ƙarƙashin gilashi za a ga ƴan layukan karce sun cika ta, sai farashinta ya koma na narkarwa kawai.

Idan laka ta rufe rubutu har ba ya karantuwa, jiƙa ƙwayar cikin tataccen ruwa da ɗigon sabulu na kwana ɗaya, ka ture lakar da tsinken da ya jiƙu ya yi laushi, ka ɗauraye, ka dangwala da tawul ba tare da murzawa ba, ka bar ta ta bushe sarai. Koren gari mai tashi kamar hoda a jikin jan ƙarfe ko tagulla ciwo ne mai ci, ware wannan ƙwayar daga sauran. Lambar yabo mai ƙyalle ko mai fentin gilashi kuwa kada ruwa ya taɓa ta.

3. Ware su gida-gida

*Kuɗin sefa da na Afirka ta Yamma ta Faransa.* An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945. Tamma ɗaya da tamma biyu na sanholo masu kan barewa, na 1948 da 1955, masu rubutun Afrique Occidentale Française, da na tagulla na 1956 da 1957, su ne suka fi yawa. An buga su da yawan gaske, kuma wanda ya sha hannu ba ya da wata daraja. Wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, ko wanda aka rubuta wa ESSAI (wato bugun gwaji) da ƙananan baƙaƙe, ajiye shi daban. Na BCEAO, babban bankin da ke fitar da sefa, masu alamar kifi mai zarto kuɗin cefane ne. Ka lura kuma da sulallan tunawa masu hoton Diori Hamani na 1960, shekarar samun ƴancin kai, da wasu na 1968. Ba su yi yawo a kasuwa ba, an buga su da azurfa da zinariya don kyauta da tarawa. In ka ga ɗaya, kada ka nuna wa maƙeri tukuna.

*Kuɗin Ingila na Afirka ta Yamma.* Kwabo, dari da anini masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, sun fara fitowa daga 1907. Sun tsallako iyaka da yawa. Wanda aka fi ruɗar mutane da shi shi ne na 1936 mai sunan Edward na takwas, sarkin da ya yi murabus kafin ya cika shekara: an buga shi miliyoyi, ba shi da wuyar samu. Abin dubawa shi ne taro, sisi, sule da fataka. Na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000. Sule giram 5.65, fataka giram 11.31, dukansu da hoton bishiyar kwakwar manja. A 1920 aka fara rage azurfar, aka koma tagulla mai ruwan ɗorawa. Ƙaramin harafin H ko KN alamar masana'antar da ta buga ne a Ingila, ka rubuta shi, domin wani lokaci shekara ɗaya ce amma harafin ke raba mai araha da mai tsada.

*Azurfar Faransa.* Babbar dala ta azurfa, wato faranka 5, mai kan Louis-Philippe ko Napoleon na uku, ko mai hoton ƙaton namiji tsakanin mata biyu (har zuwa 1878): giram 25, faɗi milimita 37, azurfa kashi 900. Sunanta ne ya bi mu har yau da muke ƙirga kuɗi da dala. Faranka 5 ta Beljiyam mai kan Leopold na biyu, da babbar lira 5 ta Italiya ta wancan zamani, awonsu ɗaya da ita. Ƙananan masu hoton mace tana shuka, na 1898 zuwa 1920, azurfa ce kashi 835: santim 50 giram 2.5, faranka 1 giram 5, faranka 2 giram 10. Faranka 5 mai mace mai shuka ta 1960 zuwa 1969 ma azurfa ce, giram 12, amma daga 1970 hoton bai canza ba, ƙarfen ya canza, nauyin ya koma giram 10, babu azurfa ko kaɗan. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan.

*Liyari.* Ita ce babbar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, bayanta mikiya mai kai biyu. Kusan kowace da za ka gani 1780 ke jikinta, kuma wannan ba ya nufin a shekarar aka buga ta. A 1780 sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba canji, a Biyana, daga baya har a Roma, Paris, Landan da Bombay, kuma Ostiriya tana buga shi har yanzu. Ƴan kasuwar Sahara da ƙasashen Larabawa sun saba da wannan fuska, ba sa karɓar wata. Awonta giram 28.07, faɗi tsakanin milimita 39.5 da 41, azurfa kashi 833, da haruffan S.F. ƙarƙashin hoton, da rubutun IUSTITIA ET CLEMENTIA a gefe. Duk wanda ya ce maka liyarinka ta shekara fiye da 240 don haka miliyan ce, ko bai sani ba ne ko yana da wata manufa. Ita ce azurfar da maƙeran Buzaye suka daɗe suna narkarwa suna ƙera zobba da kuros ɗin Tawa da na Agadas.

*Kuɗin hanyar Makka.* Riyal na azurfa na Saudiyya giram 11.66 ne, kashi 917, mai shekaru irin su 1354, 1367, 1370 da 1374 na Hijira. Don mai da shekarar Hijira ta Miladiyya, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622: 1354 ta zama 1935. Ka kula da lambobin Larabawan gabas: ٥ biyar ce ba sifili ba, sifili ɗigo ne, ٦ kuma shida ce ko da ta yi kama da bakwai. Kuɗin Turkawa da na Masar na zamaninsu, masu sa hannun sarki a murɗe, suna ɗauke da shekarar hawan gadon sarauta da ƙaramar lambar shekarar mulki. 1293 shekarar hawan Abdulhamid na biyu ce. In ka ga ƙaramar lamba 20, haɗa su ka cire ɗaya: 1312, wato wajen 1894.

*Zinariya.* Faranka 20 ta Faransa giram 6.45, faɗi milimita 21, kashi 900. Fam na zinariya na Ingila, mai mahayin doki yana sukan dodo, giram 7.99, faɗi milimita 22, karat 22. Akwai kwaikwayonsu da yawa da aka yi don ado, wasu zinariya ce mai ƙarancin karat, wasu tagulla ce da aka yi wa ruwan zinariya.

Sauran, kobo da naira na bayan 1973, pesewa ta Gana, dirhamin Libiya, santim na Aljeriya, tsarabar ci-rani ce. A zuba su a ambulan guda. Idan akwai takardun kuɗi, kada a yi musu guga. A kan takardun BCEAO harafin H ne alamar Nijar.

4. Gwada ƙarfen

Fara da maye. Azurfa, zinariya, jan ƙarfe da tagulla ba sa kamuwa.  Duk "azurfar" da maye ya kama jabu ce, an gama magana. Amma rashin kamuwa bai isa shaida ba, don dalma da tagulla ma ba sa kamuwa.

Sai nauyi da faɗi tare. Dalar azurfa da ta sha hannu tana iya sauka zuwa giram 24.5, wannan ba laifi. Wadda faɗinta ya cika milimita 37 amma nauyinta 21 ko 22, ba azurfa ba ce. Mai yin jabu da ƙarfe mara nauyi ba ya iya daidaita nauyi da faɗi da kauri gaba ɗaya, dole ɗaya ya kauce.

Dubi gefe da gilashi. Kuɗin gaske buga shi ake yi da ƙarfi, na jabu galibi zubi ne, don haka za ka ga layin haɗuwar mazubi a gefe, da ƴan ramuka kamar na ƙuraje, rubutun kuma ya yi laushi kamar sabulun da ya jiƙa. Dalar Napoleon na uku da mai ƙaton namiji suna da rubutun DIEU PROTEGE LA FRANCE a gefe. Wata alama kuma, riƙe kuɗin Faransa kai a sama, ka juya shi daga dama zuwa hagu: bayan zai fito a kife. Idan ya fito a miƙe, yi shakka.

Ƙara ma tana magana. Ɗora ƙwayar a kan yatsa, ka ɗan taɓa gefenta da fensir. Azurfa tana yin amo mai tsawo, dalma tana yin "ƙwas" ta mutu. Kada ka buga ta a siminti kamar yadda ake yi a kasuwa, kowace faɗuwa tana lotsa gefe.

Gwajin ruwa shi ne ya fi ƙarfi a cikin waɗanda za a iya yi a gida. Auna ƙwayar a bushe. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli, mai da shi sifili. Ɗaure ƙwayar da zare, ka sauke ta cikin ruwan har ta nutse duka, ba ta taɓa gindin kofi ko gefensa ba, ka kaɗe kumfar da ta manne. Raba nauyin bushewa da lambar da sikelin ya nuna. Dala mai giram 25 za ta nuna kusan 2.43, sakamakon 10.3. Liyari tana ba da kusan 10.2. Jan ƙarfe 8.9 ne, tagulla wajen 8.5, dalma 11.3. Zinariya mai karat 22 tana wuce 17. Ga ƙananan ƙwayoyi gwajin ba ya da tabbas: faranka 20 ta zinariya ruwan da take turewa bai kai 0.4 ba, kuskuren ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata lissafi. Irin waɗannan ka tsaya a nauyi da faɗi, sannan ka nemi gwani.

Kada ka bari maƙeri ya karce ƙwaya da zarto, ko ya ɗiga mata asid, ko ya sa ta a wuta don gwaji. In dole ne, a yi a kan wadda ta riga ta huje.

5. Duba lafiyar ƙwayar

Ƙwaya biyu masu shekara ɗaya suna iya bambanta ninki goma a farashi saboda lafiya kawai. Dubi wuraren da suka fi tudu, gashi, kunci, fuka-fukan mikiya. Littattafan Faransa suna jera matakai haka: B wadda ta side, TB, TTB wadda komai ke karantuwa da ɗan gogewa, SUP, SPL, sai FDC wadda ba ta taɓa shiga hannu ba. Abin da ya fito daga gwangwani yawanci B ne ko TB. Mai kaya kullum yana ƙara wa kayansa mataki, don haka duk abin da idonka ya ba ka, sauko da ɗaya.

Huji, ko kunnen da aka lanƙaya da walda don rataya, yana kashe darajar tarawa, sai ta azurfa kawai. Sai dai idan liyari ne aka jera a tsohuwar sarƙar amarya, ko a kayan adon doki, kada a warware. Kayan a haɗe aikin hannu ne na tarihi, kuma sau da yawa ya fi kuɗin ƙwayoyinsa a rarrabe.

6. Lambobin yabo: takarda ta fi ƙarfe

Ƙyallen da aka rataya lambar da shi ne ke fara gaya maka sunanta, saboda haka ko ya koɗe ko ya yage, kada a canza shi. Ruwan ɗorawa mai koren gefe shi ne Médaille militaire, mai rubutun Valeur et Discipline. Shekarar 1870 da ke jikin tsofaffinta ba shekarar bayarwa ba ce, sojojin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu duk irinta suka samu. Kuros na tagulla mai takubba biyu a gicciye shi ne Croix de guerre: kore mai jajayen layuka na 1914 zuwa 1918, ja mai korayen layuka na 1939 zuwa 1945, shuɗi mai haske da jan gefe na yaƙe-yaƙen waje irin na Indocin. Ƴan taurari ko ganyen da aka maƙala a ƙyallen suna nuna sau nawa aka yaba wa sojan da kuma matakin yabon, kada a ciro su. Shuɗi da fari shi ne Médaille coloniale, da ƴan sandunan ƙarfe masu sunan yankin da aka yi aiki. Farin kuros mai baƙin tauraro a tsakiya, Étoile noire, an ba sarakunan gargajiya da ma'aikata da dama zamanin mulkin mallaka, an daina bayar da shi a 1963. Akwai kuma na ƙasarmu, irin su Ordre National du Niger.

Lambobin Faransa ba a rubuta sunan mai su a jiki, an kuma yi su da yawa ƙwarai, don haka ƙarfen shi kaɗai kuɗinsa kaɗan ne. Abin da ke ba shi daraja shi ne shaidar wanda ya same shi: littafin soja, katin tsohon soja, takardar bayar da lambar, hoto da kaki. A tara su a jaka guda. Wanda ya yi soja a ɓangaren Ingila, dubi gefen lambar: na yaƙin 1914 zuwa 1918 suna da suna da lamba da rundunar soja a rubuce, amma taurarin yaƙi na biyu, irin na Bama, yawanci babu suna.

Idan takardu sun ɓata amma an san cikakken suna, da shekarar ɗauka, da lambar soja, ana iya rubuta wa cibiyar ajiyar takardun sojoji da ke Pau a Faransa, inda fayilolin tsofaffin sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka suke. Sunayen waɗanda suka mutu a fagen yaƙi suna shafin Mémoire des hommes. Ka gwada rubuta sunan ta hanyoyi da yawa, don magatakardan Turawa sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji.

A ganina lambar yabo ba abin sayarwa ba ce. Abin da za a samu bai kai a raba ba, a danƙa ta ga mutum ɗaya mai riƙon amana, sauran a ba su hoto.

7. Yi lissafin kima

Kima biyu ce, ta ƙarfe da ta tarawa, kuma wadda ta fi yawa ita ce farashin ƙwayar. Ta ƙarfe kai ma za ka iya fitar da ita. Ninka nauyi da kashin tsarki: dala 25 sau 0.900, azurfa zalla giram 22.5, liyari giram 23.4, faranka 20 ta zinariya giram 5.8, fam na Ingila giram 7.3. Farashin duniya ana faɗinsa a kan oza, giram 31.1. Duba na ranar da yuro a waya, raba da 31.1, ninka da 655.957, ka samu kuɗin giram ɗaya da sefa. Don misali kawai, a ce giram na azurfa sefa 600 ne: dala ta kama 13,500, liyari wajen 14,000. Mai saye zai rage ribarsa, amma yanzu ka san daga inda ake ragewa. Wurin ciniki kuma a fayyace ko da dala ake magana ko da faranka, kada "ɗari" ɗinka ta sha bamban da tasa.

Don kimar tarawa, nemi ƙwayar a shafin Numista da ƙasa da shekara da harafin masana'anta, ka duba adadin da aka buga. Sannan ka nemi farashin da aka riga aka sayar da irinta mai lafiya irin taka. Farashin da wani ya liƙa a eBay ko Facebook yana jiran mai tsautsayi ba farashi ba ne. Kuma abin da ake biya a Paris ba shi za a biya a Tawa ba, masu tarawa a nan ƙalilan ne.

8. Rabo da sayarwa

Kada a raba gado da ƙirgen ƙwaya, wannan biyar wancan biyar, domin ƙwaya ɗaya tana iya fin sauran duka. A sa wa kowace kima a littafi, a kai wa malamin da ke rabon jimillar, wanda yake son riƙe wani abu a lissafa masa cikin kasonsa. Musayar zinariya ko azurfa da kuɗi hannu da hannu ake yin ta a zama guda, ban da bashi. Idan abin da mutum ya samu ya kai nisabi, giram 85 na zinariya ko 595 na azurfa, ya tambayi malami batun zakka.

In za a sayar, nemi tayi daga mutum uku, kada ka kai kayan duka, kai kaɗan da hotuna. Hujajju da sidaddun azurfa su ne na maƙeri, a Tawa ko a kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata a Yamai, a auna a gabanka. Masu lafiya da waɗanda ba ka gane ba, fara nuna hotonsu ga ma'aikatan gidan tarihi na Boubou Hama. Kafin ka aika wani abu waje, ka sani akwai doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihin ƙasa, a nemi izini tukuna, musamman abin da aka tono daga ƙasa.

Damfarar da ta fi yawa salonta ɗaya ne. Wani zai ce akwai Bature ko Balarabe mai sayen kwabo mai huji da miliyoyi, ko ya ce akwai wani sinadari a cikin ƙarfen, sai dai a fara biyan kuɗin gwaji, ko na rajista, ko na mota. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi daga mai sayarwa, kuma ba ya tafiya da kaya "a je a gwada".

9. Ajiye abin da ya rage

Kowace ƙwaya a ambulanta, kada su riƙa gogar juna. Guji leda mai laushi mai warin roba, zafin bazara yana sa ta fitar da wani koren maiƙo da ke cin ƙarfe. Guji robar ɗauri da salatif, suna baƙanta azurfa. Sa ambulan a akwatin ƙarfe mai murfi, da ƴan ƙullin tsotse danshi irin na kwalin takalmi ko na magani, ka canza su bayan kowace damina. Takardun soja a shimfiɗe tsakanin fararen takardu, nesa da ƙasa saboda gara, kuma kada a kai su a manne musu roba da injin zafi, ba ta sake ciruwa. Littafin lissafin a yi masa kwafi biyu, ɗaya a cikin akwatin, ɗaya a hannun wani daga cikin shaidun.